Waldar da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Motar Malam Tanko

Ni makaniken ƙasan mota ne. Ba na taɓa inji, ba na taɓa wayoyin wuta. Sifirin, shoka, bushin, duk abin da ke ɗauke da nauyin mota yana kare ta daga gargada, shi ne aikina. A Suleja aka haife ni, a nan na koyi sana'a, a nan na ɓata ta. Ba zan faɗi sunana ba, domin 'ya'yana suna zama da 'ya'yan mutane. Wanda ya san ni, da ya karanta zai gane. Samarin da ke kwanciya a ƙarƙashin motocin jama'a, da ku nake.

Gidanmu a unguwar Hashimi yake. Ubana manomi ne, gonarsa ba ta isa ciyar da mu ba, boko kuma ban yi ba. Da na tasa ya kai ni garejin Baba Iro a bakin hanyar Minna, ya ce a koya mini abin da zan ci abinci da shi. A lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Shekara bakwai na yi a hannun tsohon nan.

Baba Iro ba ya fara taɓa mota. In aka kawo ta, sai ya sa a ajiye ta inda ƙasa ta daidaita, ya koma baya ya tsaya yana kallonta kamar mai cinikin saniya. Daga tsayuwarta yake gane sifirin ɗin da ya gaji, domin ɓangarensa zai zauna ƙasa fiye da ɗan'uwansa. Sannan ya danna kusurwar motar da nauyin jikinsa ya saki. In ta taso ta tsaya, shoka na da rai. In ta ci gaba da rawa, ta mutu. Ya leƙa ya ga ko mai ya jiƙa jikinta, ya shafa taya ya ji ko ta ci gurbi-gurbi. In mai mota ya yi gardama, sai ya ce su je su zaga kan gargada su dawo, ya kama hannun mutumin ya ɗora a kan shokar. Mai aiki za ka ji ta da ɗumi, matacciya sanyi ƙalau. Ganyen sifirin kuwa, dogayen ƙarafan nan da ake jerawa a bayan a-kori-kura da manyan motoci, rataye shi yake ya buga da sifana. Lafiyayye yana ƙara mai tsawo. Mai tsaga sai ka ji kamar ka bugi itace. Doka ɗaya gare shi da ba ya sassautawa: ba a yi wa sifirin walda. Ya ce wuta ce ta ba ƙarfen nan ƙarfinsa tun daga inda aka ƙera shi, wuta ta biyu kashe shi take yi. Zai riƙe na ɗan lokaci, ya karye ranar da nauyi ya fi yawa a kansa. Duk na koya. Da ilimin nan na cuci mutane, domin wanda ya san inda ake dubawa shi ya san inda ake ɓoyewa.

Farkon abin ƙarami ne. Akwai ma'aikatan Abuja da ke haya a Suleja, mutanen Kano da Zariya da sauran garuruwa. Sukan kawo mota da sassafe, su ajiye makulli, su hau bas, sai yamma ka gan su. Wani a cikinsu ya ce in canja masa shokar gaba duka biyu. Na duba, ɗaya ce ta mutu, ɗayar garau take. Ran nan Baba Iro ya tafi jana'iza. Na canja biyun kamar yadda mai motar ya ce. Al'adar sana'armu, in ka cire tsohon kaya sai ka miƙa wa mai mota abinsa ya gani da idonsa. Na ɗauko wata matacciya daga tarin da ke bayan gareji na haɗa masa da tasa, lafiyayyar na tura ta cikin buhu. Ya karɓa ko dubawa bai yi ba, har da godiya. Na kai wa Shu'aibu, wani mai sayar da tsofaffin kayan mota a rumfar kwano can ƙasan layi. Ya juya ta, ya ja ya tura, ya dube ni ya yi dariya, ya ce ashe ɗalibin Baba Iro ma yana da ciki. Ya ce duk wadda na samu in kawo.

Shi ya nuna mini yadda ake tayar da matacciyar shoka. A huda ta, a ɗura mata baƙin mai mai kauri, a toshe ramin, a wanke da fetur, a fesa fenti, a saka ta a ledar sabuwa. In ka ja ta da hannu za ka ji tauri kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Sati uku ko huɗu ta koma gawarta. In mai mota ya dawo sai in ɗora laifin a kan hanya. Wa zai yi musun ramukan hanyarmu?

Wata rana Baba Iro ya tarar da ni ina ɗaura irin wannan a motar wata malamar makaranta. Ya karɓa, ya kai hanci, ya kankare gindinta da farce har ya taɓo toshiyar. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ta gefe, ya ɗaura wa matar ta kirki, ta tafi ba ta san abin da ya faru ba. Sannan ya ce, "Tattara sifanoninka. Ba zan faɗa wa ubanka ba, jikinsa ba ƙwari. Amma kada ka ce wa kowa ni na yaye ka." Na tattara. Ban ji kunya ba, haushi na ji.

Na kafa rumfata kusa da ta Shu'aibu. Aiki ya zo, domin hannuna na da kyau kuma ina sauƙi. Na yi aure, na sayi babur. Amma daga lokacin ban ƙara yarda da kowa ba. In na shiga rumfar Shu'aibu sai ya bi aljihuna da ido, in ya shigo tawa sai in taka akwatin kayan aiki da ƙafa har ya fita. Ko mai shayi ne ya zuba mini madara, sai na leƙa gwangwanin. In baƙuwar mota ta tsaya mutum ya fito yana tambayar mai rumfa, sai in ce maigidan ya fita, har sai na gane ko gyara ya kawo ko ƙorafi. Haka na zauna. Ina ci, ina sha, ina waige.

Malam Tanko manomi ne daga wani ƙauye a bayan Lambata. Yana da tsohuwar a-kori-kura fara, da ita yake kawo doya Suleja, tasa da ta mutanen garinsu, masu doyar kuma su hau saman kaya. An taɓa cutarsa a wani gareji, tun daga nan ya ɗauki kowane makanike ɓarawo. A kaina bai yi kuskure ba. Ranar da ya fara zuwa, motar na zaune a kan ƙugun hagu. Na leƙa na ga babban ganyen sifirin na baya ya karye. Shi muke ce wa uwa, shi ne mai ido biyu da ke kama jikin mota, sauran ganyen a jikinsa suke jingine, kuma shi ke riƙe tayar baya a mazauninta. Na ce sai an canja, zan samo masa. Ya ce a'a, shi zai sayo da kansa, ni ɗaurawa ce kawai tawa. Ya tallafe karyayyen da katako da waya, ya lallaɓa ya tafi.

Washegari ya dawo da sabon ganye naɗe a buhu. Akwai mutane a bencina, direbobi biyu da mai facin taya. Ya ce in ara masa magagari. Na ba shi. A gabana, a gaban kowa, ya durƙusa ya yi wa ƙarshen ganyen tsaga uku a jere da ɗaya a gicciye. Ya miƙo mini magagarin ya ce, "Kada ka ji haushi, Oga. Akuyata ma shaida nake yi mata a kunne, balle abin da zan sa a hannun makanike." Aka kwashe da dariya. Mai faci ya ce yau Oga ya gamu da gamonsa. Ni ma na yi dariya. A raina na ce sai na raba shi da ƙarfen nan, ko da ba zan ci komai a kai ba. Ku riƙe wannan. Ba yunwa ce ta sa ni ba, akwai abinci a gidana ran nan. Ɗan ƙauye ya kunyata ni a gaban mutane, shi ke nan.

Akwai irin ganyen a tarin Shu'aibu. Ya karye kusa da ido, ni na yi masa walda da hannuna watannin baya, na goge, na shafa baƙin fenti, muna jiran wanda za mu liƙa wa. Waldar daidai inda ƙarfen ɗauri ke rufewa take, in an ɗaura ba a ganinta.

Malam Tanko bai ba ni sarari ba. Na ɗaga mota a jak, yana tsugune kusa da ni. Ina kwance notuna, yana tsincewa yana zubawa a hularsa. Da aka kira azahar ya saɓa ganyensa a kafaɗa ya tafi da shi masallaci, ya jingine shi wajen takalma inda zai riƙa hange. Na ce ina tafe. Ban je ba. Na shiga rumfar Shu'aibu da magagarin nan, na yi wa mai waldar tsaga uku a jere da ɗaya a gicciye, na ajiye shi a bayan duro.

Bayan salla na ce masa bushin ba zai shiga idon ganye da guduma ba, sai an danna shi a injin matsi, kuma Shu'aibu ne kaɗai ke da shi a layin. Wannan gaskiya ne. Muka je tare, shi ne ma ya ɗauko ganyen. Rumfar ƙunci gare ta, sai ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa a kan hannuna. Shu'aibu ya gaishe shi, ya tambayi yadda doya ta yi bana, sannan ya miƙa wuya ya ce, "Malam, wancan da ke leƙa gaban motarka, tare kuke?" Ba kowa ba ne, wani mai wucewa ne. Amma mutumin da ke zargin kowa ba ya iya ƙin juyawa. Ya yi taku huɗu waje yana tsawa. Kafin ya dawo nasa na bayan duro, nawa na cikin matsi. Ya dawo ya duba tsagarsa, ya bi ta da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai.

Na ɗaura, na ɗaure, na sauke jak. Motar ta tsaya daidai. Ya shiga ƙasa da kansa ya sake duba shaidarsa. Ya karɓi karyayyen ganyensa ya jefa a baya. Da zai tafi ya ce ya ga aikina da tsabta, in ya yi mini rashin kunya da safe in yi haƙuri, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya ciro doya biyu manya ya ba ni. Na kai gida, aka daka sakwara, na ci. Na ce wa Shu'aibu ya goge tsagar kafin ya sayar da na kirkin. Ya ce in bar masa wannan, ba yau ya fara ba.

Bayan kamar sati uku Malam Tanko ya dawo. Ya ce in an yi lodi yana jin wani ƙas-ƙas a baya ta hagu, kuma motar na jan gefe in ya taka rami. Tun kafin ya rufe baki na san ko mene ne. Na shiga ƙasa da tocila. Fentin ya tsage a gefen ɗaurin, siririn layi kamar gashi, tsatsa ta fara leƙowa. Waldar ta soma buɗewa. Ina kwance, ƙafafunsa na kusa da kaina, silifas ɗinsa duk jar ƙasar gona. A nan ya kamata in tsaya. Amma na lissafa abin da zai biyo baya. In na ce ganyen ba shi da kyau, zai koma wajen wanda ya sayar masa, a cire, a ga walda, a fara tambayar hannun wa da wa ya bi. Na kirkin kuma ya riga ya bar rumfar Shu'aibu. Na lakato giris da ƙasa na shafe layin. Na fito na ce sifirin lafiya lau, shoka ce ta gaji.

Bai yarda nan take ba. Ya ce tun da yake bai taɓa jin shoka ta yi ƙas-ƙas ba. Sai na yi masa abin Baba Iro. Muka zaga kan gargada muka dawo, na kama hannunsa na ɗora a kan shokar. Sanyi ƙalau, domin dama ta daɗe da mutuwa. Da gaskiya ɗaya na lulluɓe ƙaryar. Ya je ya sayo shoka, ya yi mata shaida ita ma, na ɗaura masa abarsa ban taɓa ta ba. Sabuwar shokar ta rage wa motar rawa, ƙarar ta lafa. Na ce masa ya riƙa rage lodi, hanya ba kyau. Ya ce, "Lodin nawa ne? In na bar doyar maƙwabcina a ƙauye, da wane ido zan dube shi?" Da wannan maganar ta rage lodi na riƙa lallashin kaina, wai ai na faɗa masa.

Yana fita sai ga Baba Iro a kan kekensa zai wuce. Ya tsaya yana bin motar da kallo ta baya har ta hau titi. Ya fi shekara biyu bai yi mini magana ba. Ya tambaya ko aikina ne. Na ce shoka kawai na canja. Ya ce tayar hagu ba ta bin sawun ta gaba. Na ce tsufa ne ya fara taɓa masa ido. Ya dube ni, ya hau kekensa.

Bayan nan duk ranar da Malam Tanko ya shigo gari, ta gaban rumfata yake wucewa. Ya danna ham, ya ɗaga mini hannu, mutanen da ke saman doya su ma su ɗaga. Ni ma in ɗaga, idona a kan tayar hagu. Kullum sai in ce gobe zan tsayar da shi in ce na hango wani abu. In goben ta zo, sai in ga ai jiya ma ta kai lafiya.

Da hantsi abin ya faru. Ina cin waina a bakin rumfa, wani ɗan acaɓa ya tsaya ya ce a-kori-kura ta kife tsakanin Lambata da nan, fara, mai doya. Ban tambayi ta wa ce ba. Abin da na ji daga baya, ya taka rami a gangara, ganyen ya rabu daidai waldar, tayar baya ta zame ta ci jikin mota, motar ta juya ta faɗa kwari. Mutum shida ne a saman kaya. Biyar sun tashi da raunuka. Ta shidan Inna Ladi ce, ƙanwar mahaifiyar Malam Tanko, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Ta biyo shi ne ta sayar da 'yar doyarta, ta kuma duba jikarta da ta haihu a Suleja. Kaya ya danne ta. Ba ta kai asibiti ba. Shi kuma hannunsa na dama ya murƙushe, har yau ba ya ɗaga shi.

Na rufe rumfa kwana biyu na ce zazzaɓi nake. Na yi zaton za a ce jabu Malam Tanko ya saya a kasuwa, kuma da farko haka aka ce. 'Yan'uwansa suka ciro guntayen ganyen, suka ga walda, ga kuma tsagar Malam Tanko a jiki. Suka nufi shagon mutumin da ya sayar masa, saura kaɗan su cinna masa wuta. Mutumin na rantsuwa, ba mai saurarensa. Labari na zuwa mini, na yi shiru.

Abin da ban sani ba, Malam Tanko ya daɗe yana ba da labarin tsagarsa a tashar Lambata, yadda ya hana makaniken birni motsi. Kowa a tashar ya san uku a jere da ɗaya a gicciye. Wani direba a can, da ya ji walda ce ta kifar da motar, tsoro ya kama shi, domin shi ma bai daɗe da sa ganye ba. Ya shiga ƙasan motarsa ya kankare fenti yana neman walda. Bai sami walda ba, tsagar Malam Tanko ya samu. Shu'aibu bai goge ta ba, ƙyuya ta sa ya cike ta da fenti kawai. Ganye biyu, shaida ɗaya. Direban ya faɗi inda ya sayi nasa.

'Yan sanda suka ɗauki Shu'aibu, tun a mota ya kira sunana. Na ce ban san zancen ba, abin da mai mota ya kawo shi na ɗaura, kuma a gabansa. Aka kira Baba Iro a matsayin tsohon sana'a ya duba. Ya ajiye ganyen biyu kusa da juna, ya daɗe yana kallo. Ya ce tsagar da ke jikin lafiyayyen hannun dama ne ya yi ta, ta jikin mai waldar kuwa ta karkata ɗaya gefen, ta bahago ce. Ya ce shi bahago ɗaya ya taɓa koya wa aiki. Ni bahago ne. Na daina musu.

Alƙali ya haɗa mini sata da zamba da sanadin rai, ya ba ni shekara biyar. Ba zan ba ku labarin gidan yari ba, ban da wannan: a ciki kowa cewa yake sharri aka yi masa. Shekara ta farko ni ma haka nake cewa. Laifin ƙyuyar Shu'aibu ne, laifin bakin Malam Tanko ne, laifin rami ne, laifin lodi ne. Ubana ya rasu ina ciki. Matata ta riƙe yara da suyar awara, ba ta tafi ba, ban san dalili ba.

Sau ɗaya Baba Iro ya zo duba ni. Ya rame, yana dogara sanda. Na zaci zagi ya kawo. Ya ce ranar da ya ga motar nan ta fita daga rumfata, sau biyu ya je tasha yana neman mai ita, bai san sunansa ba, bai same shi ba, sai ya bari. Ya ce, "Ranar da na kore ka a ɓoye, na rufa maka asiri na bar mutane a hannunka. Ina da kaso a matar nan." Tsohon da bai taɓa cin ƙwandalar kowa ba yana ɗaukar wa kansa kaso, ni da na shafa giris a kan tsagar ina raba nawa ga wasu. Daga ranar na daina cewa sharri ne. Na koma salla. Na roƙi Allah gafara, har yau ina roƙo. Kafin in fito Baba Iro ya rasu.

Sati ɗaya da fitowata na hau mota zuwa Lambata, na ƙarasa ƙauyen da ƙafa. Na sami Malam Tanko a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya da hannun hagu, ya danne ta da gwiwa. Na yi sallama, ya amsa, bai nuna mini tabarma ba. Ya tambayi wanda ya aiko ni. Na ce ba kowa. Ya tambaya ko akwai wata takarda da nake so ya sa wa hannu. Na ce babu, gafara na zo nema. Ya leƙa bayana ya ga ko da wani muke.

Ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da na dawo na ce ina jin ƙara, da ka shiga ƙasa, ka gani?"

Na ce, "Na gani."

"Ka san za ta karye?"

"Na sani."

Ya ajiye ƙotar fartanyar. Sannan ya ce da na ce ban gani ba, da ya san har yanzu mutumin jiya ne a gabansa. Ya ce, "Hannun nawa ne, na yafe. Motar tawa ce, na yafe. Inna kuwa tana da 'ya'ya, ga gidajensu can." Na je. Su uku ne, maza biyu da mace ɗaya. Mazan suka ce sun bar ni da Allah, sun yafe. Macen ta saurare ni daga bayan ƙyaure, da ta gane ko ni wane ne ta sa sakata. Na koma sau uku, ba ta buɗe ba. Haƙƙinta ne.

Yanzu a gindin wata bishiya nake aiki. Masu kawo mini mota kaɗan ne, waɗanda ke kawowa ba sa matsawa daga kaina, kuma ban ga laifinsu ba. Kwanakin baya wani mai a-kori-kura ya zo da karyayyen uwar sifirin, ya ce in yi masa walda ya lallaɓa zuwa bayan kaka. Na ƙi. Ya ce dabara ce don in sayar masa da sabo. Na ce ya saya duk inda ya ga dama, zan ɗaura masa kyauta. Wannan ya ƙara masa zargi. Ya ce ya san labarina, tsohon ɓarawo ba zai yi masa wa'azi ba. Ya ja motarsa zuwa rumfa ta uku daga nan. Ba a jima ba na ji injin walda ya tashi. Na je na yi magana, mai rumfar, wanda bai kai rabin shekaruna ba, ya ce Baba a bar kowa ya ci abincinsa. Abin da na jawo wa kaina ke nan, yau ina faɗin gaskiya ba mai saye.

To samari, ku da ba ku ɓata bakinku ba tukuna, ku ji. Shokar farko da za ka tura a buhu, ba za a kama ka ba, kuma nan ne masifar take. Mayar wa mutum abinsa. In ɗaya ce ta mutu, ka ce ɗaya ce. Kada ka sa wuta a sifirin, ko mai mota ya durƙusa maka, ko ya zage ka. In mai mota ya zarge ka, bar shi ya zarga, ba a kanka aka fara ba, kada ka rama a jikin motarsa, domin ba shi kaɗai zai hau ba. In kuma ka riga ka yi, motar ta dawo hannunka, buɗe baki ka faɗa. Za a zage ka, ƙila ka sha duka, ƙila a rufe ka. Duk wannan yana wucewa, mai shi yana raye.

Motar da aka yi wa walda ran nan tana nan tana bin hanya, na gan ta shekaranjiya da masara da mutane a sama. Wanda ya yi aikin ya san kansa. Ya tashi ya je ya tsayar da ita yau.